Sauyawar Launin Ido: Rabon Haske, Rabon Mai Kallo da Rabon Cuta

Batun da wannan lacca ta ɗauko shi ne launin idon ɗan Adam, da dalilin da ya sa mutane da dama ke ba da shaidar cewa sun ga idon wani ya sauya launi tsakanin hantsi da magariba, ko tsakanin lokacin fara'a da lokacin fushi, alhali likitocin ido na cewa launin idon baligi mai lafiya da wuya ya gusa daga inda ya tsaya tun ƙuruciya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin launin da ake gani yana samuwa ne daga haɗuwar abubuwa uku, wato hasken da ya faɗa a kan idon, da ginin idon da ya karɓi hasken ya shanye wani sashe ya mayar da wani, da kuma ƙwaƙwalwar mai kallo wadda ke yanke hukunci a kan abin da ya iso gare ta. Da zarar ɗaya daga cikin ukun ya motsa, launin da ake gani zai motsa, kuma wanda ya iya rarrabe sauyin da haske ya kawo da wanda cuta ta kawo yana iya zama sanadin tsirar ganin wani, wani lokaci ma har da ransa.

Wurin da ake kira baƙin ido sassa ne da ke jere, wani a bayan wani. A gaba akwai koniya, wato fatar nan mai sheƙi wadda take garau, ba launi ba jijiyar jini, sannan ruwa mai tsabta a bayanta, sannan airis, wanda zobe ne na nama da tsoka mai faɗin kimanin milimita 12, kuma shi ne ke ɗauke da launin ido. A tsakiyar zoben akwai ɗan ido, wanda ƙofa ce kawai da haske ke shiga ta cikinta, tana tsukewa zuwa kimanin milimita 2 a rana mai ƙarfi, ta buɗe har kusan milimita 8 a cikin duhu, kuma tana bayyana baƙa ne saboda hasken da ya shige ta yakan shanye a ciki. Bayan ƙofar akwai madubin ido mai tattara haske, a can ƙurya kuma akwai ratina, shimfiɗar jijiyoyi da ke mayar da haske saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Farin ido yana kewaye da duka waɗannan, a lulluɓe da tantani mai ƙananan jijiyoyin jini.

Shi kansa airis hawa biyu ne. Hawan baya layi biyu ne na ƙwayoyin halitta cike maƙil da melanin, wato sinadarin nan mai duhu da ke ba fata da gashi launinsu, kuma wannan hawa mai duhu ne a idon kowa, Bature ko Bahaushe, in ban da zabiya. Hawan gaba, wanda masana ke kira sitiroma, saƙa ce sako-sako ta zaruruwan nama da jijiyoyin jini, tare da ƙwayoyin da ke ƙera melanin a warwatse a cikinta. Yawan waɗannan ƙwayoyi bai bambanta sosai tsakanin mutane ba, abin da ya bambanta shi ne yawan melanin ɗin da suke ƙerawa su adana. Idan ya yi yawa, kamar yadda yake a idon mafi yawan mutanen Afirka da Asiya, yakan shanye kusan duk hasken da ya taɓa shi, sai idon ya bayyana baƙi daga nesa. Duk wanda ya haska tocila daga gefe a kan irin wannan ido, ya matso kusa ya duba, zai ga cewa ruwan ƙasa ne mai duhu, da tuddai da ramuka da layuka da suka fito daga ɗan ido zuwa gefe, kuma tsarin waɗannan layuka bai taɓa zama ɗaya a ido biyu ba, ko da na mutum guda ne. Saboda dorewar wannan tsari ne John Daugman na Jami'ar Kambrij ya gina hanyar tantance mutane ta hoton airis, wadda ya samu lasisin mallakarta a 1994, kuma ake amfani da ita yau a filayen jiragen sama da rajistar 'yan ƙasa a Indiya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki idan suka fara ji shi ne cewa babu shuɗin sinadari ko kaɗan a cikin shuɗin ido. Fahimtar wannan tana bukatar a koma ga halin haske. Isaac Newton ya nuna a gwaje-gwajen da ya fara a 1666 ya kuma wallafa a 1672 cewa farin hasken rana gauraye ne na launukan bakan gizo, domin idan aka ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku yakan rabu gida-gida. Daga baya aka gane cewa haske yana tafiya ne a igiya-igiya, kuma kowane launi yana da tsawon zangonsa, daidai da ma'anar da masu sauraron rediyo suka sani a gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai zangon haske ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Shuɗi yana wajen nanomita 450, ja kuwa yana wajen 700. John Tyndall ya lura a 1869 cewa idan haske ya ratsa iska ko ruwa mai ɗauke da ƙananan ɓurɓushi, sashen shuɗi ne ya fi tarwatsewa gefe, sannan Lord Rayleigh ya fitar da lissafin abin a 1871, wanda bisa ga shi shuɗin haske yana tarwatsewa kusan ninki shida fiye da ja. Wannan ne dalilin shuɗin sararin sama, kuma shi ne dalilin da ya sa siririn hayaƙin itace yake bayyana shuɗi-shuɗi idan aka dube shi a gaban bango mai duhu, amma ya koma ruwan ƙasa idan aka dube shi rana na bayansa, alhali hayaƙin bai canza ba. Hazon hunturu kuwa fari-fari yake, saboda ƙurarsa manya ce, tana tarwatsa dukkan launuka kusan daidai wa daida.

A idon da hawan gabansa ba shi da melanin sosai, farin haske yakan shiga cikin saƙar zaruruwan nan, sashen shuɗi ya tarwatse ya dawo waje, sashen ja da rawaya ya wuce ciki hawan baya mai duhu ya shanye shi, sai mai kallo ya ga shuɗi. Idan akwai ɗan melanin kaɗan a gaba, wanda launinsa a sirance rawaya-rawaya ne ko ruwan zuma, sai ya haɗu da shuɗin da ya dawo a ga kore, idan kuma melanin ɗin ya taru kusa da ɗan ido ya yi ƙaranci a gefe sai a samu ido mai ruwan zuma a tsakiya da kore a baki. Irin waɗannan idanu masu gauraye su ne aka fi ba da labarin sauyawarsu, kuma dalilin a fili yake, tunda launinsu ya dogara ne a kan ma'auni tsakanin abin da ya tarwatse da abin da aka shanye, ma'aunin da ɗan bambancin haske ke iya rinjayar da shi. Hasken tsakar rana a ƙarƙashin buɗaɗɗen sama yana da wadatar shuɗi, don haka yakan fito da koren idon, hasken faɗuwar rana da na fitilar ƙwai da na kyandir kuwa ja da rawaya ne suka rinjaye su, don haka sukan fito da ruwan zuman, domin ido ba zai iya mayar da launin da babu shi a cikin hasken da aka ba shi ba. Wannan fahimta tsohuwa ce. Al-Hasan Ibn al-Haitham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitab al-Manazir cewa gani yana faruwa ne da shigar haske cikin ido, ya kuma bayyana cewa launin abu yana bayyana daban-daban gwargwadon ƙarfin hasken da ke kansa, har ya kawo misalin gashin ɗawisu da launinsa ke sassaɓawa a lokutan yini.

Rabon mai kallo shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A ratinar ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, wani ya fi jin gajeren zango, wani matsakaici, wani dogo, kuma ƙwaƙwalwa tana kwatanta saƙonninsu ne, tana kuma kwatanta kowane wuri da maƙwabcinsa, kafin ta ce ga launin abu. Masanin sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, ya ci karo da wannan bayan da aka naɗa shi shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris a 1824, inda aka kai masa ƙorafin cewa baƙin zaren da marina ke bayarwa ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya ga rinin ba shi da aibi, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne ke sa ido ya gan shi a dusashe, kuma a 1839 ya wallafa littafi a kan wannan doka, wadda ke cewa launi biyu idan suka yi maƙwabtaka kowanne yakan tura ɗan'uwansa zuwa kishiyarsa a idon mai kallo. Saboda haka jan gyale yana ƙara fito da koren ido, shuɗin rawani yana ƙara wa ruwan ƙasa ɗumi, kwalli kuma yana sa farin ido ya ƙara haske, airis ya ƙara fitowa fili, ban da cewa tufa mai launi tana jefa ɗan haskenta a fuska da kan koniya. Hoton rigar nan da ya yaɗu a intanet a watan Fabrairun 2015, wadda wasu suka rantse fara ce da ruwan gwal wasu kuma suka ce shuɗiya ce da baƙi, ya nuna wa duniya cewa mutum biyu na iya duban hoto guda ƙwaƙwalwar kowannensu ta ƙaddara masa haske daban. Kyamarar waya ma tana yin irin wannan gyara da kanta, don haka hotuna biyu na ido guda ba hujja ba ce ta sauyin launi.

Maganar cewa ido yana sauya launi da halin zuciya tana da tushe, amma tushen a tsoka yake. A cikin airis akwai tsoka mai zobe da ke tsuke ɗan ido, da wata mai layuka da ke buɗe shi, kuma ta biyun tana amsa umarnin jijiyoyin da ke tashi lokacin tsoro ko fushi ko tsananin sha'awa. Idan ɗan ido ya buɗe, naman airis yakan tattaru gefe kamar labulen da aka zuge, ninkinsa ya yi kauri, launinsa ya ƙara duhu, baƙin tsakiya kuma ya mamaye wuri mai yawa, idan ya tsuke kuwa naman ya miƙe, launin ya buɗe. Mawaƙin Ingila David Bowie misali ne da aka sani, domin mutane da yawa sun ɗauka idanunsa launi biyu ne, alhali duka shuɗɗa ne, illa dai naushin da abokinsa ya yi masa a 1962 ya bar ɗan idonsa na hagu a buɗe har abada. Jan idon mai fushi ko mai kuka ko wanda ya kwana bai runtsa ba kuwa a farin ido yake, inda ƙananan jijiyoyin jini suka cika, airis yana nan yadda yake.

Akwai lokaci ɗaya a rayuwa da sauyin gaske yake al'ada, shi ne jarantaka. Ƙwayoyin da ke ƙera melanin a airis ba su gama aikinsu ba lokacin haihuwa, don haka jariran da iyayensu ke da hasken fata sukan zo da ido shuɗi ko ruwan toka, sannan ya yi ta duhu cikin shekarar farko, wani lokaci har zuwa ta uku. Sai dai zancen cewa duk jarirai da shuɗin ido ake haifarsu kuskure ne da ya samo asali daga duban al'umma ɗaya, domin wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2016 ya duba jarirai 192 ya samu kashi 63 cikin ɗari da ido ruwan ƙasa tun haihuwa, masu shuɗi kuwa kimanin kashi 21 ne. Binciken tagwaye na Louisville a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1997, ya nuna cewa launi yakan daidaita kafin shekara 6 ga mafi yawan yara, amma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na fararen fata suna ci gaba da ɗan sauyi a hankali har cikin girma, kuma tagwaye 'yan ƙwai ɗaya sukan sauya tare, abin da ke nuna cewa gado ne ke jan ragamar.

Batun gado yana bukatar a tsaya a kansa, saboda kuskure a nan yana rusa gidaje. A 1907 Gertrude da Charles Davenport sun wallafa ra'ayin cewa ƙwayar gado guda ce ke yanke launin ido, ruwan ƙasa yana rinjayar shuɗi, kuma an yi shekaru da dama ana koyar da wannan a makarantu, har wasu suka riƙa auna halaccin ɗa da shi. Yau an san cewa lamarin ya fi haka zurfi. Babban tasiri yana wajen ƙwayoyin gado biyu da ke maƙwabtaka a kuromosom na 15, wato OCA2, wadda ke taimakawa wajen ƙera melanin, da HERC2, wadda wani yanki nata ke ƙara ko rage aikin ta farkon. Hans Eiberg da abokan aikinsa a Jami'ar Kopenhagen sun nuna a 2008 cewa sauyin harafi ɗaya a wannan yanki ne ke bayan mafi yawan shuɗin idon Turai, kuma nazarin ƙasusuwan wani mafarauci da ya rayu a La Braña ta Sifen kimanin shekara 7,000 da suka wuce ya nuna yana ɗauke da gadon shuɗin ido tare da gadon duhun fata, wanda ke tabbatar da cewa launin ido da na fata ba dole su tafi tare ba. A 2021 kuma wani bincike da ya haɗa mutane kusan 195,000 ya gano ƙarin wurare 50 a cikin gadon ɗan Adam da ke da hannu a launin ido. Da irin wannan yawa, ba abin mamaki ba ne yaro ya zo da launin da iyayensa duka biyu ba su da shi.

A ƙasashen baƙar fata akwai hanyoyi sanannu da hakan ke faruwa. Zabiyanci mafi yawa a Afirka ta kudu da Sahara yana fitowa ne daga tawaya a wannan OCA2 ɗin, kuma sai uwa da uba duka sun ba da gadon, ko da su kansu baƙaƙe ne. Idon zabiya yakan zama ruwan zuma ko ruwan toka ko shuɗi, yana iya yin ja-ja a wani haske saboda airis ɗinsa ba ya tare haske sosai, jinin da ke ƙuryar ido ya bayyana, kuma rawar ido da gudun rana da raunin gani da ke tare da shi suna bukatar tabarau da zama a gaban aji, abubuwan da ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Akwai kuma yanayin da likitan ido na Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana a 1951, inda baƙin yaro ke zuwa da ido shuɗi garau, ɗaya ko duka biyu, wani lokaci da farin gashi a goshi, wani lokaci da kurumta, saboda ƙwayoyin melanin ba su isa wasu wurare ba tun yana ciki. Abin takaici ne matuƙa a ga an jingina wa irin wannan yaro maita ko aljanu, ko a tuhumi mahaifiyarsa da abin da ba ta aikata ba, alhali abin da yake bukata da gaggawa shi ne a gwada jinsa tun kafin lokacin koyon magana ya wuce.

Idan airis ɗin baligi ya sauya da gaske, musamman a ido ɗaya, to akwai dalili da ya kamata a nema. Maganin ɗigawa na hawan jinin ido mai suna latanoprost, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, da 'yan'uwansa, suna sa ƙwayoyin airis su ƙara ƙera melanin, sai idon ya yi duhu a hankali cikin watanni, gashin ido ya ƙara tsawo, kuma duhun ba ya komawa ko an daina maganin. Abin ya fi bayyana a masu ido gauraye, a baƙin ido kuwa da wuya a lura, kuma ba dalili ba ne na barin maganin da ke kare gani. Kumburin cikin ido na dogon lokaci da Ernst Fuchs na Biyana ya bayyana a 1906 yana cinye naman airis har ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa haske, haka ma lalacewar jijiyar da ke buɗe ɗan ido idan ta faru tun jarantaka. Ɗan gutsuren ƙarfe da ya huda ido ya zauna a ciki, haɗarin da maƙera da masu walda da kanikawa ke fuskanta kullum idan ba su sa tabaran kariya ba, yakan yi tsatsa ya rina airis, yana kuma lalata ratina a ɓoye. Likita Ian Crozier, wanda ya kamu da Ebola yana aiki a Kenema ta Saliyo a 2014, ya warke a asibitin Emory da ke Atlanta, amma bayan an sallame shi idonsa na hagu ya kumbura ya koma kore daga shuɗi, da aka ɗebi ruwan cikin idon sai aka tarar da ƙwayar cutar a raye bayan ta ɓace daga jininsa. Tabo mai duhu da ke girma a kan airis kuwa yana iya zama sankara.

Ga al'ummar Hausa, wadda airis ɗin mafi yawanta ya cika da melanin har haske ba ya iya wasa da shi sosai, sauyin da ake gani galibi a sauran sassan yake, kuma wannan ne ya sa ya fi cancantar a ɗauke shi da muhimmanci. Zoben nan fari ko shuɗi-shuɗi da ke kewaye baƙin idon dattawa kitse ne da ya kwanta a gefen koniya, ba ya cutar da gani, amma idan ya bayyana ga wanda bai kai shekara 40 ba yana iya nuna yawan kitse a jini. Hakiya tabo ne a kan koniya da rauni ko gyambo ko ƙyanda tare da ƙarancin bitamin A suka bari, kuma abubuwan da ake matsawa a ido a gida, irin su ruwan ganye da ruwan batir, suna daga cikin masu haddasa ta. Rawayan farin ido alamar shawara ce, wato taruwar sinadarin bilirubin saboda ciwon hanta ko yawan fashewar ƙwayoyin jini kamar yadda ake gani a sikila, kuma a jariri sabon haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa idan aka yi jinkiri. Yaron da farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, yana yawan ƙaiƙayi da sosawa musamman lokacin zafi da ƙura, yawanci borin jini ne na ido da ke da magani. Jariri mai manyan idanu da koniyarsu ta yi hazo shuɗi-shuɗi, yana hawaye yana gudun haske, yana iya kasancewa da hawan jinin ido na haihuwa, wanda aiki ne maganinsa. Idan kuma ɗan idon dattijo ya koma fari ko ruwan toka, to yana ce ta rufe madubin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Ita yana aikin minti kaɗan ke cire ta a dasa sabon madubi, kamar yadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sauran asibitocin ido, hanyar gargajiya ta tura madubin cikin ido da tsinke kuwa ta makantar da idanu masu yawa da za su iya warkewa. Hawan jinin ido na manya shi galibi ba ya sauya launin komai, yana cin gani ne daga gefe ba tare da wata alama ba, don haka kyawun ido a madubi ba ya maye gurbin awo.

Masu tallan cewa zuma ko wani abinci ko wani ɗigo zai haskaka launin ido ba su da hujja, tunda melanin yana kulle a cikin ƙwayoyin halitta a bayan koniya. Haka ma masu da'awar karanta cututtukan jiki daga tabban airis, domin da aka gwada su a 1979 da hotunan mutum 143, wasu masu ciwon ƙoda wasu lafiyayyu, ba su iya rarrabewa ba. Gilashin launi da ake mannawa a ido don kwalliyar biki yana iya jawo gyambon koniya idan aka saya ba awo, ko aka yi aronsa, ko aka wanke shi da ruwan famfo, ko aka kwana da shi, aikin dasa airis na roba ko rina koniya don ado kuwa Ƙungiyar Likitocin Ido ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a farkon 2024.

Sauyin da ya fi kowanne gaggawa shi ne wanda iyaye ne kan fara gani. Idan aka ɗauki hoto da walƙiyar kyamara a wuri mai duhu, ɗan idon yaro mai lafiya yakan yi ja ko ya zauna baƙi, jan kuwa hasken jinin ƙuryar ido ne. Idan ɗaya ya yi fari ko ya riƙa ƙyalli da dare kamar na kyanwa, to wani abu ya tsaya a hanyar hasken, ko yana ta haihuwa ko sankarar ratina, wadda ke kama kimanin yaro ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, galibi 'yan ƙasa da shekara 5, wani lokaci tare da harara-garke da ta fara kwatsam. Wani bincike na ƙasashen duniya da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa sama da kashi 99 cikin ɗari na yaran da suka kamu a ƙasashe masu arziki suna raye bayan shekara uku, a ƙasashe matalauta kuwa kimanin kashi 57 ne, kuma babban abin da ya raba su shi ne lokacin da aka kai yaron asibiti. Saboda haka ana roƙon iyaye da kakanni da ungozomomi da malaman makaranta, duk wanda ya ga farin ƙyalli a tsakiyar idon yaro, ko sau ɗaya ne, ko a hoto ne, kada ya jira ya ga ko zai wuce, kada kuma ya ɗiga masa komai, ya kai shi wurin likitan ido a cikin makon da ya gan shi.